Direbobin da Auta Ta Kashe

Duk ranar Asabar da hantsi nakan tara yara a ɗakin baya na laburaren da nake aiki, muna koyon rubuta labari. Ɗakin ba wani abin a zo a gani ba ne. Dogon tebur ne mai gajeriyar ƙafa ɗaya da muke tokarewa da tsohon ƙamus, sai fanka mai kuka, da taga da ke kallon bayan shagon wani mai walda. Amma ina son ɗakin, ina kuma son yaran, duk da cewa wani lokaci sukan sa in cire tabarau in dafe kai. Na taɓa buga 'yan littattafai da ba su yi wani tashe ba, shi ya sa suke ganina wata babba, ni kuma ban taɓa wahalar da kaina wajen gyara musu wannan zato ba.

A cikinsu akwai wata 'yar shekara goma sha shida da kowa ke kira Auta, don ita ce ƙarama a gidansu. Mahaifinta direban bas ne na cikin gari. Auta tana da hannu. Idan ta sa mutum biyu suna cacar baki a takarda, sai ka ji kamar a bayan kunnenka suke yi. Matsalarta ɗaya ce: ba wanda ke fita daga labarinta da rai. Ko na soyayya ta faro, ko na 'yan makaranta, ko na wata mai sayar da takalma, da an kusa ƙarshe sai kowa ya hau bas, birki ya tsinke, a faɗa rami. Kuma kullum direba ne yake fara cikawa. Yaran ajin har sun haddace. Da ta karanto "sai suka nufi tasha", za ka ji wani daga ƙarshen tebur ya ce, "Allah ya ji ƙansu."

Na taɓa tambayarta, "Auta, wai me mutanen nan suka tsare miki?"

"Wallahi Anti ba su yi min komai ba. Idan na kai tsakiya ne sai in rasa yadda zan yi da su, sai kawai in zuba su a mota."

"To me ya sa kullum sai mota?"

"Ai ita na sani," ta ce, tana wasa da murfin biro.

Muka yi dariya muka wuce, ina cewa a raina da sannu za ta daina. Ashe maganar ba ta tsaya a ɗakinmu ba.

Wata Asabar muna tattara kujeru sai ga wani dogon mutum a bakin ƙofa, sanye da rigar aiki, makullai a hannunsa. Yadda Auta ta sunkuyar da kai ya gaya mini ko wane ne. Muka gaisa a mutunce, ya ce ta jira shi a waje.

"Malama, ke ce mai koya wa Auta rubutu?"

"Ni ce, Baban Auta. Lafiya dai ko?"

"Lafiya lau. Na zo ne in yi miki godiya, in kuma gaya miki daga yau ta daina zuwa."

Abin da ya faru shi ne, yayanta ya tsinci takardunta, ya karanta wa mutanen gida ana cin abinci, don a sha dariya. Kowa kuwa ya dara, ban da mutum ɗaya.

"Tun kafin a haifi yarinyar nan nake riƙe da sitiyari," ya ce, "ko kaza ban taɓa takawa ba. Ni mutum ne mai fita da rayukan jama'a a bayana. Sai in zauna a gidana in ji 'yar cikina tana jefa direba a rami, wannan labari rami, wancan ma rami? Ba na son mugun baki, Malama, ko da wasa ne, ko da a takarda ne."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Har na buɗe baki zan yi masa dogon jawabi a kan bambancin ƙirƙira da fata. Sai na lura yadda yake juya makullan nan a tafin hannunsa, na gane ba fushi ya kawo shi ba, ciwo ne. Na haɗiye jawabina.

"Kana da gaskiya," na ce. "Amma alfarma ɗaya nake nema. Ƙarshen wata mai zuwa muna da taron karatu, iyaye za su zo su saurari yaransu. Ka bar mini ita zuwa ranar, ka zo ka ji da kunnenka. Idan abin bai yi maka ba, ni da kaina zan ce ta zauna a gida."

Ya ce, "Na amince. Amma ina jin ƙarar birki zan tashi in kama hannunta mu fita."

Haka muka rabu. Auta kuwa ta ji komai ta taga, don idanunta sun yi ja. Ajin nan shi ne abin da take jira duk mako, ni ma kuma ba na son rasa ta.

Asabar ta gaba na kafa wa ajin gaba ɗaya doka, don kada ta ji ita kaɗai ake nufi. Ba mutuwa, ba suma, ba kuma "sai ya farka ashe mafarki ne". Wani yaro da muke kira Farfesa saboda son manyan kalmomi ya ɗaga hannu, wai to ta yaya labari zai ƙare ke nan.

"Kafin ka tambayi ƙarshe, tambayi farko," na ce. "Mutuminka me yake so? Abu ɗaya tak, wanda za ka iya faɗa a numfashi guda. Me kuma ya tare masa hanya? Inda ya samu abin, ko ya rasa shi, nan ne ƙarshenka. Ku da kuke kashe mutane, ba mugunta ce ke damunku ba. Ba ku ba su abin nema ba ne, shi ya sa kuke rasa inda za ku sauke su."

Auta ta tafi da wannan, ta dawo mini da abin da ya fi hatsarin muni. Ta rubuta labarin wani direba wanda ba shi da aibi ko na ƙwayar zarra. Shafin farko duk farkawarsa ce daga barci, ya yi miƙa, ya wanke baki, ya taje kai. Daga nan sai jerin yabo: mai haƙuri, mai tausayi, gwarzo, abin koyi. Ba abin da ya faru har aka tashi.

"Auta, wannan ba labari ba ne, takardar shaidar kyawun hali ce," na ce. "Babanki ba yaro ba ne, yana ji zai san lallashinsa kike yi. Kuma don Allah ku daina tayar mini da mutane daga barci a layin farko. Duk duniya kowa yana farkawa. Ku fara daga inda abu ya fara karkacewa."

Sai ga hawaye. "To Anti ya zan yi? Na kashe an ce a'a, na yaba an ce a'a."

Na tura mata hankicina. "Yaushe rabonki da shiga motar babanki, daga tasha har tasha?"

Ta yi tunani. Tun tana firamare.

"To kin gani. Kin ce mota kika sani, ashe daga nesa kika san ta. Ki roƙe shi ya tafi da ke ranar da ba makaranta. Ki zauna a bayansa, kada ki ɗauki biro. Ki buɗe ido da kunne kawai, ki kawo mini abin da kika gani wanda ba wanda ya taɓa gaya miki."

Ban san da wane baki ta shawo kansa ba, amma ya tafi da ita. Da ta dawo ajin, bakinta ya ƙi rufuwa. Ta ba mu labarin ɗan tawul da yake ratayawa a wuya, da yadda yake gane fasinjan da zai yi rigima tun daga yadda ya taka matakala, da wasu mata biyu da suka yi ta faɗa a kan taga, ɗaya a buɗe, ɗaya a rufe, har suka sauka suna musayar lambar waya. Can a ƙarshe, kamar ba komai ba, ta ce akwai wata kwana da babanta ke tsayawa alhali ba kowa a wurin. Yakan yi kamar yana gyara madubi, fasinjoji na tsaki, har sai wani tsoho mai sanda ya ɓullo daga lungu a hankali ya hau.

"Tsaya nan," na ce. "Ina tsohon yake zuwa?"

"Ban sani ba, Anti. Baba ma ya ce bai taɓa tambayarsa ba."

"Madalla. Abin da kika gani ya ƙare a nan. Daga nan aikinki ya fara."

Sauran makonnin gyara muka yi, kuma gyara ba shi da daɗi. Nakan sa ta karanta da ƙarfi, duk inda harshenta ya yi tuntuɓe mu sa alama. Fasinjojinta da farko magana suke kamar masu karanta labarai a rediyo, na ce ta tuna yadda matan taga suka yi tasu. Ta rubuta "direban ya shiga matsananciyar damuwa", na tambaye ta me hannunsa ke yi a lokacin, ta goge ta rubuta cewa ya gyara madubin da ba abin da ya same shi. A ƙasa ta liƙa wani sakin layi mai bayanin cewa taimakon tsofaffi abu ne mai kyau, na ja masa dogon layi.

"Mai karatu yana da haƙora, Auta. Kada ki tauna masa."

Ta yi ƙunƙuni, amma ta cire. Inda za ta tsaya kuwa ban gaya mata ba, ko da ta yi ta naci. Na ce wannan tsakaninta ne da mutanenta.

Ranar taro muka share ɗakin, muka aro kujeru daga zauren karatu, mai walda ma ya yi mana kara ya kashe injinsa. Baban Auta ya zo da rigar aiki, ya zauna daf da ƙofa, wurin da mai niyyar fita da wuri yake zaɓa. Farfesa ya fara, ya zuba mana kalmomin da mahaifiyarsa kaɗai ta tafa musu da zuciya ɗaya. Wasu suka biyo baya. Sai aka zo kan Auta.

Ta buɗe takardarta ta fara karantawa. Labarin wani direba ne da shugabansa ya ja masa kunne a kan yawan makara, ya ce in ya sake to a bakin aikinsa. Shi kuma akwai wani tsoho da yake jira a wata kwana kowace safiya, don tsohon asibiti yake zuwa wurin matarsa, kuma idan wannan motar ta wuce shi ba zai isa ba sai an rufe ƙofar masu dubiya. Ran nan direba ya tsaya, tsoho bai fito ba. Ya gyara madubi. Fasinjoji suka fara tsaki, wata ta ce ita fa ba motar gidansu ta hau ba, wani ya ce zai kai ƙara. Direba ya dubi agogo, ya dubi lungun. Sai ya kashe mota, ya sauka, ya bi lungun yana tambaya har aka nuna masa wata ƙofa. Ya ƙwanƙwasa. Shiru. Ya sake ƙwanƙwasawa. Can daga ciki sai ya ji ƙarar sanda a kan siminti, tana matsowa a hankali.

Auta ta ninke takardarta. Tafi ya ɓarke a ɗakin. Ni dai ba tafin nake kallo ba, kujerar bakin ƙofa nake kallo. Mutumin bai tafa ba, bai kuma tashi ba.

Sai da jama'a suka ragu ya tako zuwa inda muke. Auta ta maƙale a gefena.

"Ni fa ban taɓa sauka daga mota na bar fasinja ba," ya ce mata.

"Na sani, Baba. Shi ya sa ya zama labari."

Ya gyaɗa kai a hankali, kamar mai auna maganar. "To me ya hana tsohon fitowa? Ko jikin matar ne?"

"Ban sani ba tukuna."

"Shi kuma direban, an kore shi?"

"Shi ma ban sani ba, Baba."

"Ikon Allah! Ke da kika ƙirƙiro su, ki ce ba ki sani ba? Ki bar bawan Allah tsaye a ƙofar mutane, ga mota cike da fasinja a titi?"

Dariya ta taso mini, na danne ta da ƙyar. Ya juyo gare ni, fuskarsa a ɗaure kamar mai shirin kai ƙara.

"Malama, ƙarfe nawa kuke farawa ranar Asabar? Hanyata ce, ni zan riƙa sauke ta."