Bayan Ƙas

Ƙas!

Ashiru ya dakata da ja, ya dubi kilen da ke hannunsa, sifanar ɗaure noti. Yana can sama bisa ƙafar shato, hasumiyar tankin ruwan da ake kafawa a ƙauyensu na arewacin Barmu, ƙafafunsa na reto a iska. Ya sake ja. Ƙas. Wuyan kilen ya ɗan kauce kamar gwiwar tsoho, alhali shi ko ƙarfi bai fara sawa ba.

Da safen nan ne Faisal, ɗan kwangilar da ya kwaso su Ashiru daga Tawa, ya ciro kilen daga akwatinsa. Masu ba da aikin ne suka ce dole a ɗaure kowane bulon, wato noti, da kile mai awo, mai shago kuwa ya riga ya saita masa lamba. Faisal ya sa aka ɗauke shi hoto riƙe da shi, ya miƙa wa Ashiru, ya shige mota yana waya. Bai gaya wa kowa cewa ƙas ɗin nan magana ce ba, kilen ne ke cewa ya isa, a sake shi. Wataƙila shi ma bai sani ba. Faisal bai taɓa hawa abin da ya fi kujerar motarsa tsawo ba.

Rissa, abokin aikinsa, ya ɗaga kai daga ƙasa ya tambayi abin da ya faru.

"Kilen ga raggo na," in ji Ashiru. "Miƙo mini bututu."

Haka suka koya a shantiye, wurin aikin gini, tun suna samari: a zura bututu a hannun kile, a ja har bulon ya yi kuka, sannan a ce ya ɗauru. Ashiru kuwa a nan yake da suna, ƙarfin damtsensa ne ke ci da gidansa.

Kuma wannan ba shaton kowa ba ne. Daga inda yake yana hango Balkisa, matarsa, tana dawowa daga rijiyar da ke bayan tsauni, bido, jarkar nan mai ruwan ɗorawa, a kanta, 'yarsu Hafsatu na bin ta a baya. Tun tana amarya take wannan tafiya, har gashin tsakiyar kanta ya zube. Ya yi mata alkawari bana ruwa zai zo ya same ta a ƙofar gida, ta yi dariya ta ce ta ji, mijin shato. Saboda haka kowane bulon, in kilen ya ce ƙas, sai Ashiru ya tokare da ƙafa ya ƙara masa, ya kuma ƙara, da zuciya ɗaya. Bai taɓa yi wa wani aiki irin wannan ƙauna ba.

* * *

Shato ya tsaya, aka cika tanki, aka yi guɗa. Mata suka mai da inuwarsa wurin hira. Balkisa ta fara kitso mai kyau, tun da kan ya huta.

Ranar da iskar hadarin farko ta taso, da la'asar ne, mata na layi a bakin famfo. Waɗanda suka tsira sun ce sun ji ƙara a sama kamar ana karya kara, ɗaya bayan ɗaya, kafin tankin ya sunkuyo. Aka watse da gudu. Balkisa ta koma ta fizgo Hafsatu ta wurga ta waje, ita ba ta fito ba.

* * *

Bayan sadakar uku wata injiniya, Aminata, ta zo daga Tawa. Ta tsinci guntun bulon a cikin taɓo, ta nuna wa mazan da suka taru yadda ya miƙe ya sirance kafin ya tsinke. Ta ce ba sako-sako aka yi ba, ɗauri ne ya wuce kima, ƙarfen ya gaji tun ranar farko, iska kawai yake jira. Faisal ya yi maza ya buɗe waya ya nuna mata hotonsa da kilen. Shi dai ya sayi kayan aiki, in ji shi, sauran kuma ƙaddara ce.

Ashiru na tsugune a gefe. Ya ɗago kai ya dubi injiniyar.

"Hajiya, ƙas ɗin da shikai... mi shika nuhi?"

"Ya isa ke nan, malam. Da ka ji shi sai ka saki."

Ya gyaɗa kai. Rissa ya kau da fuska. Kafin azahar motar Faisal ta kama hanyar Takanamat, inda wani shaton ke jiransa, kilen na kwance a akwatinsa.

* * *

Washegari mata suka koma hanyar bayan tsauni. Hafsatu ta ɗauko bidon uwarta, ya yi mata girma, murfin kuma ya ƙi zama.

"Baba, ɗaure mini."

Ashiru ya karɓa da manyan hannuwansa. Ya murɗa murfin a hankali, a hankali, ya kasa kunne, ko wani abu zai ce masa ya isa.