Fuskar Kakar Lola Amparo

"Wa ya ce ki buɗe gilashin?"

"Rage murya, Efren. Asibiti muke."

"Ate Ning, wa ya ce ki buɗe?"

Yayarsa ta dunƙule hankici a hannunta.

Da safe kakarsu, Lola Amparo, ta ce a ɗauko mata zanen hoton kakarta daga gida kafin a yi mata aikin zuciya. Ɗan zane ne, bai kai ƙwai ba, a kan hauren giwa, da bakin azurfa da murfin gilashi. Tun zamanin mulkin mallakar Sifaniyawa yake gidan. Efren ya san shi fiye da fuskarsa. Tun da ya gama sakandare ba aiki, bakin taga yake wuni da shi. Rigar zaren ganyen abarba ce a jikin matar, kowane zare an ja shi daban. Kumatun ɗigo-ɗigo ne, sai ka matso za ka gane. A idon hagu akwai ɗigon fari guda, shi ke sa ta bi ka da kallo.

Ning ta yi wa zanen abin da ake yi wa siffofin waliyyai a coci. Ta jiƙa hankici da ruwa mai tsarki, ta shafa, don ta kai wa Lola albarkar. Zanen kuwa da fentin ruwa aka yi shi. Shafa ɗaya ta isa.

Riga na nan, gashi na nan. Fuska babu. Farin haure kawai, kamar ƙashi.

"Kai masanin taga, da ka faɗa mini ai!" Muryar Ning ta karye. "In ta gani, zuciyar tsayawa za ta yi. Mu ce ya faɗi a mota."

"Ta ce ba ta shiga ɗakin tiyata sai ta gan shi."

Nas ta leƙo. "Jikokin Amparo? Ku hanzarta."

Lola ta ƙanƙance a kan gadon. Ta miƙo hannu. Efren ya mayar da gilashin, ya ba ta.

Ta kai shi kusa da ido. Ta nisanta shi. Ta juya wajen haske, ta daɗe. Numfashinta ya fara sauri.

"Efren," ta ce a hankali, "idona ne ya tafi, ko ita ce ta tafi ta bar ni?"