Hular da ta yi fito

Kunnuwana biyu tun ina yaro suke zubar da ruwa, shi ya sa na'urar ji ta sakawa cikin kunne ta ƙi zama da ni. Ban damu sosai ba. Gyaran agogo nake yi, agogo kuwa ba ya neman a yi hira da shi. Sai da ciwo ya kwantar da Inna, muryarta ta koma kamar ana raɗa, sannan hankalina ya tashi. Tana magana ina gyaɗa kai kamar ƙadangare, ban san me na amince da shi ba.

Likita ya ce akwai mafita. Zai dasa ɗan ƙarfe a ƙashin bayan kunnena, a maƙala na'ura a kai, sauti ya bi ta ƙashi ya shiga ciki. Aiki ya yi kyau, wurin ya warke ba ƙaiƙayi ba ruwa. Ranar da aka kunna, har ƙarar takardar da ke hannunsa na ji. Na miƙe cike da murna na kafa hulata, sai na'urar ta ɗauki fito.

"Malam, hular ce ke danne ta," in ji likita. "Ka ɗan cire."

Ashe bai san da wa yake magana ba. Sanƙo gare ni, irin mai ƙyalli, tun ina saurayi ya kwashe komai. Ban da likitan, matata kaɗai ta san girmansa, ita ma na ja mata kunne. Na gwada karkata hular, na zama kamar ɗan tasha. Na sayo babba, ta rufe mini gira, fiton bai fasa ba. Ƙarshe na sa na'urar a aljihu na nufi gidanmu, ni da aka fasa wa ƙashi don in ji.

Na tarar da yayyena mata biyu a ɗakin Inna, babbar tana jera magunguna a kan tebur. Na zauna bakin gado. Leɓɓan Inna suka motsa, na gyaɗa kai yadda na saba.

Babbar yayar ta ce, "Auta, tambayarka take yi. Ina abin da aka sa maka?"

"Yana aljihu."

"Aljihun ne kurma?"

Inna ta sake motsa baki, ta gaji, ta juya fuska bango. Wannan juyawar ta yi mini ciwo ƙwarai. Na cire hular na ɗora a gwiwa, na maƙala na'urar.

Ƙaramar yayar ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Babbar ta ce a kashe fitila, haske ya wadata. Duk na ji su tar, wannan ne amfanin farko da aikin likita ya yi mini.

Inna ta juyo. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ɗago hannu da ƙyar. Na sunkuya, ta ɗora tafinta a tsakiyar kaina tana shafawa.

"Kan mahaifinku sak," ta ce. "Shi ma haka ya yi ta ɓoyewa."

Ina goye ya rasu, duk hotunansa kuma da hula. Na ce, "Inna, sake faɗa." Na ji sarai tun farko. So nake in ƙara ji.