Tattabarar Gado Na Tara

Sauri ake ce mata, kuma ba sharri aka yi mata ba. Mijinta ne ya laƙaba mata sunan tun suna ango da amarya, ranar da ta sauke tukunya abinci bai nuna ba, sunan kuwa ya bi ta shekara talatin da ɗaya, har shagon wanki da guga inda take aiki. Mace ce da ba ta iya jiran ruwa ya tafasa. In ta shanya kaya, kafin su tsane ta kwashe su, ta ce dutsen guga zai ƙarasa.

Shi kuma mijin, Mai Tattabaru, sanyinsa har haushi yake ba ta. Sai ya hau saman benen da suke haya ya wuni yana kallon tsuntsayensa arba'in, ya san wadda ta yi fushi, ya san wadda ke shirin ƙwai. Su ne kuma suka kayar da shi. Likita ya ce ƙurar gashinsu da kashinsu ce ta cinye masa huhu a hankali. Aka rabar da tattabarun, shi aka kwantar da shi a gado na tara, ɗakin maza masu ciwon ƙirji. Ba ya iya juyawa gefe saboda numfashi, don haka daga safe zuwa yamma silin yake kallo, silin ɗin ma babu komai a jikinsa sai tabon yoyo. Likitan ya ja Sauri baranda ya faɗa mata gaskiya, cewa makonni suka rage, kada ta sa ran watanni.

A lokacin ne wata malamar zane ta fara tara mutanen unguwa a zauren taro da yamma, suna yin tsuntsaye da tarkacen da aka zubar: gorunan ruwa na roba, kwali, guntayen waya da tsofaffin jaridu. Asibiti za a kai su, a rataya ɗaya a saman kowane gado. Sista mai kula da ɗakin ce ta ba majinyatan labari. Da Sauri ta zo da rana, Mai Tattabaru ya kama hannunta.

"In za a rataya mini, tattabara nake so," in ji shi. "Kuma ke za ki yi mini ita."

Ta ce ita da ko kaza ba ta iya zanawa ba. Ya ce ai ya sani, dalilin ke nan da yake so ya gani.

Zauren taron yana warin fulawa da ruwan damina. Dogayen tebura biyu, bokitai, jaridu jibge a kusurwa, igiya daga taga zuwa taga an rataye tsuntsaye marasa launi. Malama ƙaramar mace ce mai sanyin murya, ta nuna mata komai dalla-dalla. Gorar roba ita ce gangar jiki, a dunƙule jarida a yi kai, a lanƙwasa waya a yi fukafukai. Sai a yayyaga takarda siri-siri, a tsoma a gam ɗin fulawa da ɗan gishiri, a liƙa. Hawa biyar ake yi, in ji ta, kuma da yake damina ce kowane hawa sai ya kwana biyu kafin a ɗora masa wani. Kwana goma ke nan. In ana so a san ya bushe, a ɗora shi a kumatu, in aka ji sanyi-sanyi to da sauran laima a ciki.

Kwana goma! Sauri ta ji maganar kamar zagi. Ita da aka ce mata makonni, wa zai ba ta kwana goma ta zubar a jiran takarda? Ta ce to, ta yi godiya, ta tattara kayanta ta tafi da su gida. A zama ɗaya ta maka hawa biyar, gam yana ɗiga ta ko'ina. Washegari ta tafi da abin shago ta ajiye kusa da teburin guga, inda zafi ke tashi. Kafin la'asar bayan ya yi ƙayau, har yana ƙara in ta ƙwanƙwasa. Ta shafe shi da fenti ruwan toka, ta ɗiga ido da baƙi. Ranar da za a kwashi kashin farko zuwa asibiti ta cusa tata cikin sauran. Malama ta tambaye ta ko ta bushe, Sauri ta rantse cewa ta bushe, ko ƙyafta ido ba ta yi ba.

Da ma'aikacin asibiti ya hau tsani ya ɗaure zaren a ƙugiya, Mai Tattabaru ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce ƙirjin na agwagwa ne, wuyan kuma bai san na wace halitta ba ne, amma idon, to, idon ta yi ƙoƙari. Tsohon direban da ke gado na goma ya ce shi dai jirgin sama ya gani. Sauri ta ce su biyun ba su da kunya, ta juya baya don kada su ga yadda daɗi ya kama ta. Kwana huɗu mijinta ya yi yana hira da tattabarar nan. Fanka na juya ta, shi kuma yana ba direba labarin tsuntsayensa ɗaya bayan ɗaya. Har abinci ya ci.

A kwana na biyar baƙaƙen ɗigo suka ɓullo a ƙarƙashin fukafukin. A na shida cikin ya zazzago, wani wari mai tsami ya cika wajen gadon. Sista ta sa safar hannu, ta hau kujera da kanta, ta yanke zaren. Da ta matsa cikin da yatsa sai ya burme, ga fumfuna nan kore da baƙi, lumtsum. Ta jefa a leda ta ƙulle, ta kira Sauri baranda.

Ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga ma da ya fi sauƙi. Ta ce fumfuna ce aka rataya a kan hancin mutumin da huhunsa ya riga ya ƙare, ga fanka tana kaɗa masa ita dare da rana. Ta ce saura kaɗan ta sa a sauke dukkan tsuntsayen ɗakin. Daga yau babu abin da zai sake hawa ƙugiyar nan sai Malama ta duba da hannunta ta ce ya bushe.

Kwana biyu bayan haka aka sa wa Mai Tattabaru robar iska a hanci, ba a kuma sake cire ta ba. Babu wanda ya ce tattabarar ce ta jawo. Babu kuma wanda ya ce ba ita ba ce, wannan shi ya fi ci wa Sauri rai. Tana guga tana kuka, har ta ƙona wuyan rigar wani. Kunya da tsoro suka hana ta kallon silin in ta shiga ɗakin, inda guntun zaren ke reto shi kaɗai.

Shi ne ya fara yin maganar. Muryarsa ta koma kamar ta wanda ke magana ta bayan ƙofa.

"Ki yi mini wata," ya ce. "Amma wannan karon, don Allah, ki bar ta ta bushe."

Ta koma zauren taro kanta a sunkuye. Ta yi zaton Malama za ta wanke ta tas, amma matar sai kawai ta miƙa mata gora da waya. Sauri ta yi hawa ɗaya, ta rataya a igiya, ta wanke hannu ta tafi. Wallahi tafiyar nan ta fi mata aikin wuya. Ruwa kuwa ya ƙi ɗaukewa, kullum sama a murtuke, kayan shago ma ba sa bushewa. Duk yamma in ta tashi daga aiki sai ta biya, ta ɗauko tsuntsuwar ta ɗora a kumatu, ta mayar. Ranar ƙara hawa ta ƙara, ranar jira ta jira.

Kullum in ta isa asibiti tambayarsa ɗaya ce, hawa nawa. Ta ce biyu, ta ce uku. Shi kuma ya riƙa ba ta gyara da ɗan numfashin da ya rage masa: ƙirjin ya fito gaba amma kada ya yi faɗi, kan ya ɗan karkata kamar tana saurare, wutsiyar ta baje kaɗan. Ya ce ba sai ta sa fenti ba, launin tsohuwar jarida shi ne launin tattabara. Hawa na ƙarshe ta yi shi da shafukan da rubutu ya fi cika, ta yagi ambulan ɗin hoton ƙirjinsa ta yi ratsi biyu a fukafukai. Matan zauren suka taru suna kallo. Wata ta ce kai, wannan in aka sake ta tashi za ta yi.

Shi kuwa yana ta raguwa. Ya daina cin abinci. Direba ya ce yanzu shi ke yin hirar, maƙwabcinsa sai dai ya ɗaga yatsa.

Ran kwana na goma Sauri ta bar shago da wuri. Ta sauko da tattabarar daga igiya, ta ji ta sakayau, ba nauyi. Ta ƙwanƙwasa, ta yi ƙara. Ta ɗora bayanta a kumatu, lafiya lau, ta ɗora ƙirjin, lafiya lau. Da ta kai gindin fukafukin hagu sai ta ji wani ɗan sanyi, kaɗan ne ƙwarai, amma ta ji shi. A daidai wajen ne baƙin ɗigon ya fara fitowa a ta farko.

Malama tana can ƙarshen teburin tana koya wa wani dattijo lanƙwasa waya. Ta ɗago kai ta tambaya ko ta zo ta duba. Taku biyar ne tsakaninsu. Amma Sauri ta tuna rantsuwar da ta yi wa matar nan, ta tuna ledar da Sista ta ƙulle, ta ga kamar in ta miƙa yanzu aka ce da saura, kowa a zauren zai ce ga ta nan, halin bai bar ta ba. Ta ce a'a, Malama, da sauran laima, sai gobe. Ta mayar da ita igiya. Tun da aka haife ta ba ta taɓa ƙara wa wani abu kwana don kanta ba sai ranar.

Ta tafi asibiti hannu rabbana. Ya buɗe ido ya dubi hannuwanta, sannan ya dube ta.

"Gobe," ta ce. "Da ɗan saura a ƙarƙashin fiffike."

Ya yi murmushi ta ƙarƙashin robar. Sai da ta kai kunnenta bakinsa kafin ta ji abin da yake cewa.

"Ashe kin iya jira."

Washegari da safe ba ta ko je shago ba. Ta tsaya a ƙofar zauren har Malama ta zo ta buɗe. Malama ta karɓi tattabarar ta juya ta, ta ƙwanƙwasa, ta ɗora a kumatu. Sauri ta nuna mata wajen, ta ce nan ne, har yanzu tana jin sanyin. Malama ta taɓa, ta ɗan yi dariya, dariyar da ba ta da wani nufi.

"Ai wannan sanyin wayar ciki ne, Yaya. A nan kika murɗe ta, takardar kuma ba kauri. Tun jiya ta bushe. Da kin ba ni jiya da na ce ki tafi da ita."

Sauri ta naɗe tsuntsuwar a mayafinta saboda yayyafi, ta fita da gudu-gudu, ta tare mota.

Tun daga ƙofar ɗakin ta hango gado na tara. An cire zanen gado, an goge katifar robar, har tana ƙyalli don ba ta bushe ba. An ture tukunyar iskar jikin bango. Direba ya gan ta ya juya fuskarsa. Sista ta taho ta riƙe mata kafaɗa, ta ce da hantsi ya cika, an kira wayarta ba ta shiga ba, an aika shago aka ce ba ta zo ba. Ta ce bai wahala ba. Sauri ta tambaye ta ko idonsa biyu. Sista ta ce e, sama yake kallo.

Sauri ta zauna a kujerar jinyar da ta saba zama. Kuka bai zo ba. Abin da take ji kawai shi ne taku biyar ɗin nan da ba ta yi ba jiya. Ta kwance mayafin ta miƙa wa Sista tattabarar, ta ce Malama ta duba. Sista ta karɓa, ba ta ko ƙwanƙwasa ba, ta kira mai tsani.

Aka ƙulla sabon zare a guntun tsohon. Fanka ta fara juya ta a hankali, kan a karkace kamar yadda ya ce. Sauri tana nan zaune tana jiran takardun da za ta sa wa hannu aka turo wani majinyaci, matarsa na biye da kwando da filo. Aka shimfiɗa zane, aka kwantar da shi. Matar ta ɗaga kai ta ga tsuntsuwar, ta ce masha Allah, wa ya yi wannan? Direba ya nuna Sauri da haɓa. Matar ta ce lallai hannu ya iya, ta tambaya kwana nawa ake yi kafin a gama irinta.

"Goma," in ji Sauri. "Ni na yi sha ɗaya."