Takalman Halliru a Ƙofar Masallaci

Duk Wudil an san halin Labaran baduku: sai ya gama kallon takalminka kafin ya kalli fuskarka. Abokan wasa har cewa suke yi matarsa ma da takalmi ya gane ta.

Da ɗansa Halliru zai tafi Makka a ƙasa tare da ayarin mutanen Utai, Labaran ya ɗinka masa takalmi fade na jar fata, ya yi wani ɗan ƙulli a maɗaurin, irin wanda shi kaɗai yake yi. Ayari ya tafi. Damina ta zo ta wuce, wata ma ta zo, babu ɗuriyar Halliru. Kewa ta ci mutumin nan har ya rame.

Sai ya ɗauki wata ɗabi'a. Kowace Juma'a, ranar da kasuwa ke cika da baƙi, a sahun ƙarshe yake salla, ana sallamewa ya riga kowa fita. Ya duƙa kan takalman da aka jera, ya fara daga na farko. Wannan ba shi ba ne. Wannan ma ba shi ba. Ba ya tsallake ko ɗaya, don a ganinsa wanda ka tsallake shi ne naka. In ya kai ƙarshe ya koma gida, matarsa Hansai ta dubi fuskarsa, ba ta tambaya.

Wata Juma'a, bai kai tsakiyar jeri ba hannunsa ya tsaya cak. Jar fata, ga ƙullin nan. Ya juya su, ƙasansu ko ƙwarzane babu.

Ya zauna a wurin yana leƙen masu fitowa. Jama'a suka watse, saura wani baƙo ramamme da ya durƙusa gabansa ya gaishe shi.

"Baba, kai ne Labaran? Tare muka taso da Halliru daga Sudan. Ya ce in ajiye su nan, ba sai na yi cigiya ba, kai za ka same ni."

"Ina shi?"

"Zazzaɓi ne a hanya, Baba. Allah ya yi masa rasuwa. A jaka yake yawo da su tun tafiya, wai ba zai sa ba sai ranar da zai shigo Wudil."

Labaran ya rungume takalman ya nufi gida. Yau kam Hansai za ta tambaya.