Akwatin da Ke Zafi da Safe

Karo na biyar ke nan akwatin ya kashe kansa ina tsakiyar kwafa. Ina zaune a ƙasa gaban wadirof, kwamfuta a cinyata, ina kallon layin da ke nuna yawan abin da aka kwashe ya tsaya cak a kashi goma sha ɗaya cikin ɗari. Na ɗora hannu a kansa na janye da sauri. Da da ƙwai a kusa, da na soya.

Akwatin na maigidana ne. Girmansa bai wuce na batirin mota ba, baƙi, da faifai biyu a ciki, kowanne kwafin ɗan'uwansa, sai 'yar fanka a bayansa. Shi ya saye shi, shi ya haɗa shi da intanet ɗin gida, shi ya ba shi wuri a ƙasan wadirof ɗin ɗakinmu saboda ta nan waya ta shigo. Komai namu yana ciki: taswirorin aikinsa na safiyo mai awon filaye, hotunan yara, bidiyon shekara goma sha huɗu. Ba ya barin komai a waya, da ya ɗauka zai tura akwati ya goge. Ni kuwa tsakanina da abin sai dai in share gefensa.

Wata tara da suka wuce ya faɗi a banɗaki. Ɓarin damansa ya shanye, magana ta tafi. Yana ji, yana gane komai, idonsa ma ya fi da kaifi, amma kafin kalma ɗaya ta fito sai ya haɗa gumi, in ta fito ma ba lallai ita ya aika ba. Ni nas ce, shekara ashirin ina juya majinyata a gado, na ɗauka na san aikin. Ashe jinyar da ake tashi a miƙa wa wata daban take da wadda babu tashi. Na ajiye aiki, na dawo gida gaba ɗaya, na gaji gajiyar da barci ba ya warkarwa.

Likitar da ke koya masa magana ce ta ce in nemo tsofaffin bidiyonsa, ya riƙa jin muryarsa ta da, wataƙila a dace. Da na buɗe shafin akwatin a kwamfutarsa sai na tarar da jan rubutu: faifai ɗaya ya mutu tun wata biyu, saura ɗaya, shi ma zafi na cin sa. In wannan ya bi ɗan'uwansa, muryar mijina ta tafi ke nan, babu ita a ko'ina a duniya. Na sayi wani faifai na hannu don in kwashe komai, amma duk sanda na fara, sai akwatin ya ɗauki zafi ya mutu.

Na kira Dogo. Abokinsa ne tun makaranta, yana da shagon gyaran kwamfuta, kuma irin mutanen nan ne da in ka tambaye su ƙarfe nawa sai sun fara ba ka tarihin agogo. Ya zo da yamma bayan ya rufe shago, ya gaisa da abokinsa, ya durƙusa gaban wadirof, sannan ya ɗago ya dube ni.

"Madam, ai kin binne shi da ransa."

Gaskiya ne, zannuwan gado da robar shimfiɗa da kwalayen safar hannu duk na jera su a kansa da gefensa, ƙofar kuma kullum a rufe, don in ta buɗe keken guragu ba ya wucewa.

"To ina kake so in kai su? A kaina zan ɗora?"

"Allah ya huci zuciyarki. Ni dai iska nake nema masa."

Ya kwashe kayan, ya kwance bayan akwatin, ya busa ƙura, ya ce fankar ta tsufa, ya sa sabuwa. Ya kunna, muka zuba wa lambar ido, digiri arba'in, arba'in da ɗaya, ta tsaya nan. Ya yi mini bayani na kusan rabin awa a kan yadda iska ke shiga ta gaba ta fita ta baya, na ce to, to, ban riƙe ko ɗaya ba. Ya ce an gama, gobe in kwashe abina hankali kwance.

Da safe ne kawai nake da sarari. In na yi masa wanka, na ba shi shayi da magani, na motsa masa hannu da ƙafa, yakan yi shiru zuwa azahar. Ƙarfe tara na zauna na fara kwafa. Goma saura, akwatin ya yi ƙara sau uku ya mutu.

Ban san sanda na ce, "Kai, Allah ya isa," ba. Daga kan gado maigida ya ɗaga hannun hagu yana nuna wadirof.

"Tak... takwas."

"Na ba ka maganin ƙarfe takwas, Injiniya. Sai na biyu kuma."

"A'a. Takwas."

"Na ce na ba ka!"

Da ƙarfi na faɗa, ƙarfin da ban taɓa yi wa majinyacin wasu ba. Ya sauke hannun, ya mayar da ido silin. Na ji kunya, amma gajiya ta hana ni ba shi haƙuri.

Na sake kiran Dogo, ya ce shi fa da idonsa ya ga arba'in. Na ce ni ma da nawa idon na ga sittin da biyu. Ya ce aiki ya yi masa yawa, sai gata. Da na ga haka sai na koma ga abin da na iya. Na jawo fankar tsaye na saita wa akwatin, maigida ya fara rawar sanyi, na kashe. Na naɗe robar ƙanƙara a tawul na jingina masa, Dogo ya ji a waya ya yi salati, ya ce in cire kafin raɓa ta shiga ta ƙarasa shi. Sai na yago takarda, na ja layi, na rubuta lokaci a hagu, zafi a dama, kamar yadda nake yi wa mai zazzaɓi a asibiti. Kowace awa in duba in rubuta, ban kwafi komai ba, ban taɓa komai ba. Kwana biyu ina yi.

Ranar da Dogo zai dawo na ce kada ya zo da yamma, ya zo da hantsi. Na miƙa masa takardar kafin ya zauna.

"Mene ne wannan?"

"Takardar awon zafin majinyacinka. Bakwai na safe, talatin da tara. Tara, arba'in da takwas. Sha biyu, hamsin da biyar, alhali ba ya aikin komai. Uku na rana ya sauko arba'in da uku. Jiya haka, shekaranjiya haka. Zazzaɓin da ke zuwa da lokaci ya tafi da lokaci, akwai abin da ke kawo shi."

Ya daɗe yana dubawa, karo na farko da na ga bakinsa a rufe. Ya yagi gefen takardar ya kara a bayan akwatin. Da ƙyar ta motsa.

"Fankar na juyawa, amma kamar an roƙe ta. Shafin kuma ya ce ita ke sarrafa kanta. To wani yana ƙarya."

Ya karɓi kwamfutar ya buɗe wani baƙin allo mai fararen rubutu, ya yi ta dannawa yana magana shi kaɗai. Na tafi na sauya wa maigida riga, na dawo, yana nan. Can ya ce, "Au." Ya juya ya dubi gado.

"Mutumina, kai ne ashe."

Ya nuna mini wasu layuka biyar ko shida. Ya ce wannan umarni ne da maigida ya rubuta da hannunsa, ya ɓoye shi inda shafin ba ya gani. Kullum ƙarfe takwas na safe yana rage fankar zuwa kwata, ƙarfe biyu ya sake ta. Ko fanka goma za a sauya, haka za ta yi. A saman layukan akwai wani guda da ba na inji ba ne, tunatarwa ce mutum ya bar wa kansa. Dogo ya kauda kai ya bar ni na karanta: "Tana dutin dare. A bar ta ta yi barci."

Shekara goma sha biyu na yi ina dutin dare a asibiti. In dawo bakwai da rabi, in faɗi a gadon nan, ban san inda kaina yake ba sai biyu. A duk shekarun nan ban taɓa sanin akwatin yana da ƙara ba. Sai yanzu na tuna yadda nake farkawa kullum in tarar da ƙofar wadirof a wangale, in yi ta mita, in ce namiji dai bai iya rufe abu ba, shi kuma ya ce ya manta. Na tuna ba ya taɓa buɗe manyan taswirorinsa sai bayan azahar, ina ce masa malalaci. Ashe shi ke ba abin iska, shi ke hana shi aiki da safe. Da ya kwanta sai na rufe ƙofar, na danne akwatin da zannuwa, na kuma zaɓi daidai lokacin da ba shi da numfashi na ɗora masa aikin shekara goma sha huɗu.

Haushi na fara ji kafin tausayi, ba zan ɓoye ba. Haushin mutumin da zai yi maka alheri shekara da shekaru ya ƙi faɗa, sai ranar da ba ya iya faɗa.

"Takwas ɗin da kake cewa ke nan?" na tambaye shi.

Ya rufe ido ya buɗe.

Dogo ya yi gyaran murya. "Madam, in goge?"

"Goge."

"A'a," in ji maigida. Wannan kalmar ba ta taɓa yi masa wuya ba. Ya yi ta kokawa da ta gaba, jijiyar wuyansa ta tashi. "Bar... barci."

"Injiniya, yaushe rabona da barcin safe? Wata tara fa. Ka bar ni in ceci abin nan."

Dogo, Allah ya saka masa, bai goge ba, ya sa wa kowane layi wata alama a gaba, ya ce yanzu inji zai tsallake su amma rubutun yana nan. Ya danna. Fankar ta ɗauka da wani gurnani kamar injin niƙa a nesa, har labulen gefen wadirof ya motsa. Hamsin da huɗu, hamsin, arba'in da shida. Ya ce in fara. Ya zauna har layin ya wuce kashi ashirin, ya ga lambar ba ta haura arba'in da bakwai ba, ya riƙe hannun abokinsa ya yi masa sallama ya tafi.

Ban matsa daga ɗakin ba. Na ba shi abinci a nan, na yi salla a nan, ido ɗaya na kan lambar. Sau biyu faifan ya yi wani ƙas-ƙas, layin ya tsaya, sai ya ci gaba. Bayan la'asar ya cika ɗari. Bidiyo uku sun ƙi kwafuwa, sauran duk sun fito.

Na tayar da shi zaune, na sa masa filo biyu a baya, na zauna a bakin gadon ta gefensa na hagu, na ajiye kwamfutar a kan kujera kusa da mu. Likita ta ce don shi za a kunna, ni ma haka na faɗa wa kowa. Amma tun wata na shida na lura in na rufe ido ina neman muryarsa ba na samunta, sai wannan ta yanzu mai tsinkewa. Don kaina na yi kwana goma a gaban wadirof, na kuma sani.

Na danna na farkon da hannuna ya faɗa kai. Tsohon kicin ɗinmu ne, ga ni na ba da baya ina wanke kofuna, da farin kayan aiki a jikina. Shi ba ya cikin hoton, shi ke riƙe da wayar. Sai muryar ta fito, cikakkiya, da dariya a ƙarƙashinta, babu inda ta yi tuntuɓe.

"Sista. Ke Sista, juyo mana in ga fuskarki."

Na juya. Kafin in ankara na ba shi baya gaba ɗaya, fuskata na wajen kwamfutar, bakina ya riga ya buɗe zan amsa. Da na waiwayo yana kallona. Ya ga inda na juya.