Wayar da Ke Cikin Kwando

Margus mutumin Estoniya ne, dogo kamar falwaya, kuma magana tsada take yi masa. Shekara goma sha biyar ya yi yana buga ƙwallon kwando a ƙasarsu mai sanyi, har ranar da gwiwarsa ta ce ta gaji. Daga nan ya koma koyarwa, yau wannan gari gobe wancan, har abinci ya kawo shi wata ƙungiya a Madina. 'Yan wasa suna kiransa Kabtin. Dokarsa ɗaya ce ba ya wasa da ita: ranar wasa, tun azahar kowa zai jefa wayarsa cikin wani kwandon kaba da ke ofishinsa, ba mai taɓawa sai an tashi.

A cikin 'yan wasan ba wanda yake ƙauna kamar Zubair, jikan Hausawan da suka zo hajji a ƙafa suka zauna. Zubair ya haura talatin, kakar wasansa ta ƙarshe ke nan, kuma wasan ranar ne zai kai su ga kofin da bai taɓa ɗauka ba. Uwarsa, Inna Tasallah, ba ta taɓa ganin Margus ba, amma duk Juma'a sai ta aiko masa da waina da dabino, wai baƙo marar mata abin tausayi ne.

Bayan azahar wata waya ta dinga ruri a kwandon, ta ƙi yin shiru. Margus ya ɗauka. Tahir ne, wan Zubair. Cikin guntun Turancinsa ya ce Inna ta rasu da hantsi, a gaya wa Zubair ya zo. Margus ya ce to.

Ya daɗe zaune da wayar a hannu. Ya tuna ranar da ubansa ya mutu, lokacin shi Margus yana ɗan shekara ashirin da huɗu. Kocinsa ya ɓoye masa sai da aka gama wasa, sannan ya je gida, suka yi kwana takwas kafin a binne tsohon. Har yau yana gode wa kocin nan. A ransa ya ce awa huɗu ba za su rage komai ba, gara yaron ya sami daɗin nan kafin ɗacin ya iso. Sai ya kashe wayar ya mayar kwando. Wallahi da kyakkyawar zuciya ya yi. Amma rashin sani ya fi dare duhu: shekara biyu a Madina, bai taɓa tambaya yaya ake yi da mamaci ba.

Da la'asar Zubair ya ja 'yan wasa salla a gefen fili. A daidai lokacin, tafiyar minti ashirin daga wurin, ana sallatar uwarsa a Masallacin Annabi.

Sun ci wasan, kuma Zubair ne ya jefa ta ƙarshe. Margus ya bar shi ya gama murna, ya ja shi ofis, ya gaya masa. Ya ƙara da cewa ya ba shi hutun mako guda don ya shirya jana'iza a tsanake.

Zubair ya tambaye shi ƙarfe nawa aka kira. Da ya ji, sai ya zaro wayarsa daga kwandon. Ya kunna wayar ya kira wansa, Margus yana jin muryar Tahir ko da yake ba ya gane kalma ɗaya.

"Ya akhuya, ɗan'uwana, ina ka shiga? Mun tsaya a ƙofa har aka tada iƙama. Halas, shi ke nan, an rufe Inna a maƙabartar Baƙi'a."

Kwana uku Margus bai iya cin abinci ba. Rana ta huɗu ya rubuta takardar barin aiki, ya sayi fararen furanni a titin Sultana kamar yadda ake yi a garinsu, ya nufi gidan makoki a unguwar Aziziyya. Maza suka matsa masa a kan darduma, aka miƙa masa gahawa. Ba wanda ya ɓata masa fuska, abin da ya fi yi masa ciwo ke nan.

Zubair ya rako shi waje. Margus ya nemi gafara, ya ce ya san shi ba zai shiga maƙabartar ba tunda ba Musulmi ba ne, amma don Allah a ajiye mata furannin nan a kan kabarinta.

Zubair ya karɓa, ya tsaya yana kallonsu. Ya ce ya yafe, haka Allah ya rubuta. Sannan ya bayyana masa cewa a Baƙi'a ba a rubuta suna, dutse ne kawai, kuma ranar gawa tara aka shiga da su tare. Tahir ya ce wajen katangar gabas ne, amma da suka koma jiya shi ma ya rikice.

"Kabtin," in ji Zubair a hankali, "ni ma ban san inda take ba."